Haƙori na Bakwai da na Takwas

Challawa, Kano
12 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Saudat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ke taso mini duk damina.

Wataƙila ba za ki gane ni ba. Ni ne Gwadabe na Ringim, wanda kakarki Iya Lubna da mahaifiyata 'yan wa da ƙani ne. Rabona da ke tun kina firamare. Na haɗu da mahaifiyarki wajen ta'aziyya a Hotoro, ta ce kina Penang ta ƙasar Malesiya, a kamfanin da ake gwada bod, wato allon lantarki na injuna. Ita ta ba ni lambarki. Kada ki kira ni, ba zan ji ba. Shekara talatin da ɗaya ina cikin ƙarar injin majema, kunnuwana sun tafi. Shi ya sa nake rubutu a takarda in ɗauki hotonta in turo.

Ga abin da ya sa na neme ki. Ni ne mai gyaran lantarki a wani kamfanin fata a nan. Muna da manyan durom huɗu da ake juya fata a cikinsu da ruwan magani. Kowane durom yana da ƙaramin bod a akwatinsa, waya ta haɗa shi da kwamfutar ofishin kulawa ta soket ɗin nan mai haƙora tara, wanda kuke ce wa siriyal. Daga kwamfuta ake faɗa wa durom awa nawa zai juya, shi kuma yana turo zafin ruwa. Ni na ja wayoyin da hannuna, shekara goma sha huɗu ba su taɓa ba mu matsala ba.

Ran uku ga wata wani ɗan kwangila ya zo ya sa wa bod na durom na uku sabuwar manhaja, wai gwaji. Washegari Habila, mai kula da duromomin, ya shigar da awa biyu kamar kullum. Durom ya yi awa shida yana juyawa, fata ɗari huɗu suka lalace. Yanzu ba abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta daga durom ɗin sai shirme, akwatuna da alamun tambaya. Manaja Jamilu ya ce Habila ne ya shigar da lokaci ba daidai ba, ya dakatar da shi. Ɗan kwangilar ya ce manhajarsa lafiya take, tsohuwar wayata ce ta mutu, daga nan ya daina amsa kowa. Ni kuma an ba ni zuwa ƙarshen Yuli. In ban gyara ba za a cire duka bod ɗin a kawo sabon tsari, kuma sabon tsarin ba ya buƙatata.

Habila mutumin Kagoro ne, shekara tara muna cin abincin rana tare. Shi ne yake rubuta mini abin da aka faɗa a taro a bayan kwalin sabulu. Na san bai yi kuskure ba, amma ba ni da hujja.

Na turo hoton fuskar kwamfutar. In kin ga wani abu, ki taimaka.

Kawunki,
Gwadabe

Penang
14 ga Yuni

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na gane ku sarai. Ku ne kuka taɓa gyara mana rediyo a gidan Iya, kuka bar ni na riƙe muku dalma. Ina lafiya. Allah ya sawwaƙe gwiwar.

Sau uku na karanta wasiƙarku, na ƙarshen da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Wata bakwai ke nan ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Da Umma muna waya, amma lokacin tashina shi ne na barcinsu, sai dai a bar wa juna saƙo.

Na duba hoton. Irin wannan shirmen yana nuna bod yana turo bayani, kwamfuta kuma tana karɓa, amma ba da gudu ɗaya suke aiki ba. In waya ce ta tsinke, ba za ku ga komai ba sam. Ku yi abu biyu.

Na farko, ku zare wayar daga bod, ku haɗa haƙori na biyu da na uku na bakin wayar da ɗan guntun ƙarfe. Ku je kwamfuta ku buga kowane harafi. In harafin ya dawo ya fito a fuska, to waya da kwamfuta lafiyarsu ƙalau.

Na biyu, gudun. Na tabbata ku a kan 9600 kuke. Sababbin manhajoji da yawa suna zuwa a kan 115200. Ku canza a kwamfuta, ku kashe bod ku kunna, ku ga abin da zai fito. Wayar taku mita nawa ce? In tana da tsawo sosai, ba za ta ɗauki wannan gudun ba, sai kun gwada da gajera a kusa da bod ɗin.

Kawu, gaskiya wannan ba aikinku ba ne. Kada ku takura wa kanku da tunani.

Ku rubuto mini duk abin da kuka gani, ko da kuna ganin ba shi da amfani. Ku gaishe da mutanen gida.

'Yarku,
Saudat

Penang
1 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Kwana goma sha bakwai shiru. Waya ta nuna mini kun buɗe saƙona a ranar da na turo. Na tambayi Umma, ta ce ba ta da labarinku, kuma ba ta san gidanku ba.

Ko gwiwar ce ta kwantar da ku? Ko an gyara ne? In an gyara, alhamdulillahi, amma ku sanar da ni. Kullum in na sauko daga motar kamfani sai na duba. Nan ruwa ake ta yi, in na shiga ɗaki ba inda nake zuwa sai washegari.

Ƙarshen Yuli bai da nisa.

Saudat

Challawa
6 ga Yuli

Saudat,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata lau, gwiwa ta yi sauƙi. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba.

Kin ce wannan ba aikina ba ne. Haka manaja ya faɗa, a gaban leburori, har ya rubuta mini a takarda don kada in ce ban ji ba: Malam Gwadabe, zamani ya wuce aikin dalma, wannan ba aikinka ba ne. Nasa bai dame ni ba sosai, yaro ne. Amma da na ga haka a wasiƙarki, sai na ajiye wayar. Na san ban yi jami'a ba. Ban nemi ki ce na iya ba, taimako kawai na nema.

Duk da haka na yi abin da kika ce, don ba don kaina kaɗai nake yi ba. Na haɗa na biyu da na uku da fil ɗin takarda, na tako ofis na buga harafin G. Ya dawo. Na buga sunana gaba ɗaya, ya dawo ba kuskure. To wayata ba ta mutu ba. Na daɗe a zaune ina kallon sunan nan, ba wanda zan nuna wa.

Wayar mita arba'in da biyu ce, tana bi ta bayan injinan lantarki masu juya durom. Sili uku ne a cikinta, ja da fari da baƙi, haka na ja su tun farko. Da na sa 115200 daga ofis, shirmen ya canza kama amma shirme ne. Sai ranar Lahadi da ba aiki, na ɗora kwamfutar ofis a baro na turo ta har gindin durom, na haɗa da gajeriyar waya irin waccan da na yi da kaina. Na kashe bod na kunna. Layi biyu suka fito tar da Turanci: sunan manhajar, da kwanan wata, uku ga Yuni. Daga nan shiru. Na buga umarni, ba amsa. Na kashe na kunna sau tara, kullum layi biyun nan, sai ya tsaya. Na duba wuta da mita, daidai take.

Iyakar inda na kai ke nan. Durom ɗin yanzu da hannu ake tsayar da shi, ana duba agogon bango.

Abinci nake ci a ɗakin gyara. A wajen mai shinkafa kowa yana ta hira, in sun yi dariya sai in yi, ban san a kan me ba. Tun rasuwar matata, wajen aiki ne kawai nake ganin mutane. Na gaji da dariyar da ban san dalilinta ba.

In kin ga ba zai yiwu ba, ki faɗa mini kai tsaye.

Gwadabe

Penang
7 ga Yuli

Kawu,

Innalillahi. Wallahi ba haka nake nufi ba. Cewa nake ba ku kuka jawo wannan ɓarnar ba, aikin wanda ya sa manhajar ne, ba aikin hannunku ba. Na koma na karanta abin da na rubuta, na ga yadda ya fito, sai da na yi hawaye a wajen cin abinci har wata abokiyar aiki ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Hausata ta fara tauri, ba na amfani da ita. Ku yafe mini. Mutumin da ya tura kwamfuta a baro ranar Lahadi, wa zai ce ba aikinsa ba ne?

Kuma a wasiƙarku amsar take. Kun ce sili uku ne a wayar. Ɗaya na turawa, ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙasa. Tsohuwar manhaja ukun nan sun ishe ta. Sabuwar, ina kyautata zato, an kunna mata wani tsari da ke sa bod ya jira izini kafin ya turo komai. Izinin ta haƙori na takwas yake shigowa, a wayarku kuwa ba silin da ke zuwa can. Layi biyun da kuke gani suna fita ne kafin tsarin ya fara aiki. Bayan nan bod ɗin jira yake yi kawai.

Ku haɗa haƙori na bakwai da na takwas a bakin wayar, ɓangaren da ke shiga bod. Na bakwai shi ke neman izini, na takwas shi ke karɓa, in kun haɗa su bod zai ba wa kansa. Ku duba lambar da ke jikin robar soket da kyau, ta bayan soket ƙirgen yana juyewa. In jerin zaɓi ya fito, ku mayar da gudu 9600, ku kashe wancan tsarin jira, ku adana. Na zana muku a takarda, ga hoton.

Kafin ku canza komai, ku ɗauki hoton layin da ke nuna uku ga Yuni da kuma inda aka rubuta 115200. Wannan ce hujjar Habila. Ran huɗu ga Yuni kwamfuta ta tura awa biyunsa da tsohon gudu, bod bai fahimta ba, ya bi lokacin da ya zo da shi daga masana'anta.

Kada ku sake yin shiru, ko da faɗa za ku yi mini.

'Yarku,
Saudat

Challawa
17 ga Yuli

'Yata Saudat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ne da neman gafara. Tsufa da kurumta suna sa mutum saurin zargi. Maganar ta wuce.

Ya yi. Ranar Lahadi na sake turo baro. Dalma ta farko ta zubo ta haɗa har da na tara, sai da na tsotse na sake. Da na kunna, layi biyun suka fito, sai kuma rubutu ya yi ta zuba har ya cika fuska. Na ɗauki hoto yadda kika ce. Na mayar da gudu, na kashe tsarin jira, na mayar da kwamfuta ofis. Ga zafin ruwan durom na uku nan yana fitowa ta tsohuwar wayata, digiri ashirin da takwas.

Litinin na kai wa manaja hotunan. Na sa shi ya zo da kansa ya buga minti biyar, durom ya juya minti biyar ya tsaya. Sai na mayar da bod yadda ɗan kwangila ya bar shi, na ce ya sake bugawa. Ya buga, durom ya wuce minti biyar yana ta juyawa, sai da na danna jan maɓalli. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ɗauki biro ya rubuta, Malam, na yi wa Habila ba daidai ba. A kira shi ya dawo. Maganar sabon tsari an ɗage ta, bai ce an fasa ba. Wannan bai dame ni ba yanzu.

Ina tashi daga aiki na hau a-daidaita-sahu zuwa Panshekara inda Habila yake haya. Na sayi gasasshiyar masara biyu a hanya. Na tarar da wani labule daban a ƙofar. Wata mata ta fito tana ta bayani, ina kallon bakinta ban gane ba. Na miƙa mata biro da takardar da aka naɗe masarar. Ta rubuta, ya tashi da iyalinsa, sati uku ke nan. Ba ta san inda ya nufa ba.

Sati uku, Saudat. Na ƙirga. A cikin kwanakin nan ne da na ajiye waya ina fushi da ke.

Na tura masa saƙo a rubuce har huɗu, bai amsa ba. Ƙaramar waya ce da shi, kuma na san ba ya duba saƙo. Ofis sun ce sun kira sau ɗaya, da ya ji sunan kamfani ya kashe. Ni ba zan iya kira ba. Zan iya roƙon wani a nan, amma ba na son maganata da shi ta bi ta bakin mutanen da suka yi shiru ranar da aka kore shi.

Ga lambarsa a ƙasa. Ki kira shi. Ki ce Gwadabe ne ya ce an gano ba laifinsa ba ne, manaja ya rubuta da hannunsa. Ki ce aikinsa yana nan. Ki ce na zo gidansa a makare, laifina ne. Duk abin da ya faɗa ki rubuto mini yadda ya faɗe shi, kada ki gyara.

Kawunki,
Gwadabe

Penang
20 ga Yuli

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Na taya ku murnar durom, na nuna wa shugaban sashenmu hoton dalmarku, ya ce aiki mai tsabta.

Na samu Habila a kira na uku. Yana Jos. Ga yadda muka yi, ban gyara ba.

Na ce, "Sunana Saudat, 'yar Malam Gwadabe na Challawa, daga Malesiya nake kira."

Ya ce, "Malam yana da 'ya a ƙasar waje? Bai taɓa faɗa ba. Lafiya dai? Wani abu ya same shi?"

Na ce lafiyarku lau. Na karanta masa saƙonku daga farko har ƙarshe. Sai na ji yana kiran matarsa, "Ladidi, zo ki ji. Sun gano ba ni ba ne." Ya sa na maimaita don ta ji da kunnenta.

Na ce, "To za ka koma?"

Ya ce, "'Yar'uwa, ba zan iya ba. Ɗan'uwan Ladidi ya samo mini aiki a wani gidan burodi, na sa yara a makaranta a nan. Kuma ranar da aka dakatar da ni, a bakin get aka caje jakata, mutane suna kallo. Shekara tara. Ba zan iya sake bi ta get ɗin nan ba. Amma ki ce wa Malam ba ruwansa. Ban yi masa sallama ba ne don na san in na gan shi ba zan iya tafiya ba."

Na ce masa kun ce kun makara. Ya ce, "Bai makara ba. Yau zan yi barci."

Har mun yi sallama sai ya ce in tsaya. Ya ce, "Akwai abin da ke damuna tun da na taho. Ki faɗa wa Malam ya daina tsayawa a lungun bayan durom na uku in yana duba mita. Ta nan fokalif, motar ɗaga kaya, yake baya da kayan fata, Malam kuma ba ya jin ƙararsa. Ni nake ɗaga wa direba hannu daga tagar ofishin kulawa. Ban taɓa gaya masa ba don kada ya ji nauyi. Yanzu ba kowa a tagar. Don Allah ki rubuta masa wannan da manyan baƙi."

Ga shi na rubuta, Kawu. KU DAINA TSAYAWA A LUNGUN NAN.

Minti arba'in muka yi a waya. Ya ce in riƙa kira ina ba shi labarinku, na ce to.

'Yarku,
Saudat

Challawa
23 ga Yuli

'Yata Saudat,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Allah ya yi miki albarka.

Na je na sami Aminu direban fokalif, na miƙa masa saƙon Habila a takarda na ce, gaskiya ne? Ya karanta, ya kau da kai. Ya rubuta, kullum, Malam. Tun da Habila ya tafi, in na ga ba na hango ka, sauka nake in duba da ƙafa.

Sai na riƙe hannunsa.

Jiya na kwance mitar daga lungun, na ɗaura ta a gaban durom inda kowa ke ganina. An kawo sabon mai kula da duromomi, sunansa Ya'u, bai san ni ba tukuna. Na tsaya a bakin tagar na rubuta masa da kaina cewa ba na ji, in ya ga wani abu a bayana ya ɗaga hannu. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa roƙon kowa wannan ba.

In kin kira Habila ki ce masa na matsa.

Kawunki,
Gwadabe